Yadda ake gano ma'anar kalmar Telugu "khali" a Turanci

Duk ɗalibin da ya sauka birnin Haidarabad na ƙasar Indiya karatu, inda ake magana da harshen Telugu, ko wanda ya kai mara lafiya asibiti a can, zai ji kalmar "khali" tun a makon farko, daga bakin mai a-daidaita-sahu, daga mai gidan haya, daga nas. Na ga sababbin zuwa da yawa suna buɗe waya su ga an fassara musu ita da "empty", su riƙe wannan ma'ana guda su yi ta aiki da ita har ta jefa su cikin matsala. Kalmar tana da ma'ana biyar ko shida a Turanci, kuma akwai hanyar gane wadda ake nufi.

Fara da rubuta ta daidai. Da haruffan Telugu ఖాళీ ce. Sauke allon rubutun Telugu a Gboard, manhajar rubutu ta Google a waya, kyauta ne, kuma kada ka sayi wata manhajar ƙamus don wannan. Harafin farko ఖ ne, "k" mai fitar da iska, na biyu kuma ళ, "l" da ake naɗe harshe zuwa ganɗa. Idan ka yi sakaci za ka faɗa kan గాలి, gali, wato iska, ko కాలి, kali, wadda ta shafi ƙafa. Mutanen gari da dama suna hadiye iskar "k" ɗin su ce "kali" kawai, don haka kunne kaɗai ba zai fisshe ka ba.

Sanin asalinta yana taimakawa wajen riƙe ta. Telugu harshen jihohin Andara Paradesh da Telangana ne, amma wannan kalma aro ce. Daga Larabci ta fito, خالي, ta bi ta Farisanci da Urdu, harsunan fadar sarakunan da suka mulki Haidarabad har 1948. Tushenta ɗaya da "halwa" tamu, shiga inda babu kowa. Riƙe wannan a ranka: wuri ko abu da babu komai ko kowa a cikinsa.

Matakin da kowa ke faɗuwa shi ne na gaba. Kada ka taɓa fassara "khali" ita kaɗai. Dubi kalmar da ke biye da ita, ita ce za ta zaɓa maka Turancin. Dabarar da nake koya wa ƙannena ita ce su fara mayar da maganar Hausa, domin mu ma ba mu da kalma ɗaya ta wannan ma'ana. Muna cewa fanko, muna cewa gurbi, muna cewa sarari, kowanne da muhallinsa.

Idan abin mazubi ne, kwalba ko tukunya ko aljihu, fanko ke nan, Turancinsa "empty". Haka ciki: "khali kadupu" shi ne "empty stomach". Wannan kam ka haddace shi in jinya ta kai ka, domin idan nas ta ce "khali kaduputo", tana nufin a sha maganin ko a zo gwajin jini kafin a karya kumallo. "Khali cetulato" kuwa shi ne hannu rabbana, "empty-handed".

Idan ɗaki ne, ko kujera, ko fili, ko muƙami, a nan "vacant" ake so. "Khali gadi" ɗakin da babu ɗan haya a ciki ne, ko da cike yake da gado da katifa. Wanda ya ce wa dillali da Turanci yana neman "empty room" zai iya samun ɗaki mara kaya, alhali shi mai gado yake nema. "Khali sthalam" filin da ba a gina ba. Jam'inta "khalilu" a tallar aiki guraben aiki ne, "vacancies". Amma wannan jam'i ɗin a takardar jarrabawa, "khalilanu purincandi", shi ne cike gurbi namu na firamare, kuma a nan Turancin ya koma "blanks". Takarda ma haka, "khali kagitam" farar takarda ce da ba a rubuta komai a kai ba, "blank paper". Ni dokata ita ce duk abin da ake rubutu a kansa, fom ne ko cek ko allo, "blank" nake ba shi, ban damu da abin da waya ta ce ba.

Sai lokaci da mutum. "Khali samayam" shi ne lokacin sarari, "free time". Wanda ya ce maka "nenu khaliga unnanu" cewa yake ba ya komai yanzu, "I am free". Na sha ganin an rubuta "I am empty", wanda Bature zai ɗauka mutum na cikin baƙin ciki. Idan kuma uba ne ke faɗin haka game da ɗansa da ya gama makaranta, to zaman kashe wando yake nufi, "idle" ko "unemployed". Sautin murya ke raba su.

Akwai tarko a cikin "free" ɗin nan. Idan mai a-daidaita ya ce motarsa "khali" ce, babu fasinja yake nufi, kuɗinka kuwa sai ka biya. Kyauta a Telugu ఉచితం ce, ucitam.

Daga nan dubi abin da aka liƙa mata a baya. "Khaliga" yanayi ne, "khali ledu" babu wuri ko babu lokaci. Wadda ta fi haɗari ita ce "khali ceyandi". Wani yaro da na sani mai gidansu ya ce masa "gadi khali ceyandi", ya duba waya ya ga "empty the room", ya ɗauka shara ake so, ya fitar da tarkace ya goge ɗaki tas. Ashe notis ɗin tashi aka ba shi, "vacate", kuma kwanaki sun tafi kafin ya fara neman wani ɗakin. Tun daga ranar nake sa kowa ya haddace wannan jimla kafin gaisuwa ma.

In ka zo juyawa daga Turanci zuwa Telugu, ka san "khali" ba ta shiga ko'ina. "Void" na masu falsafa శూన్యం ne, shunyam, daga Sanskirit, tsohon harshen Indiya. Sifili "sunna". Abu mai rami a ciki, holoƙo, "dolla". Maganar banza mara aiki "vatti matalu".

Don tabbatarwa, ƙamusun Telugu da Turanci na C. P. Brown, wanda ya fito a 1852, yana intanet kyauta. Turancinsa tsoho ne, saboda haka ka haɗa da tambayar ɗan gari, kuma ka ba shi jimlar gaba ɗaya yadda ka ji ta.