Kurakuran haɗa tiyon iska a injin Peugeot 504

Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, daga baya masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975 ta cika titunanmu da ita. Waɗanda suka rage a yau sun sha hannun makanikai, kuma abin da aka fi dagulawa a injinsu shi ne ƙananan tiyon da ke ɗaukar zuƙar iska daga kafireto da manifol (bututun da ke kai iska da mai cikin injin) zuwa distiributa (mai raba wa filogi wuta) da tukunyar birki (mai ƙara wa ƙafa ƙarfi wajen taka birki).

Matsalar takan fara ne ranar da aka sauke kafireto don a wanke, aka zare tiyo duka a lokaci guda bisa zaton za a tuna mazaunin kowanne. Kafin a taɓa komai a ɗauki hoto da waya, a manna wa kowane tiyo alama, sannan a riƙa sauya su ɗaya bayan ɗaya.

Kuskuren da ya fi ɓata injin shi ne ɗaukar cewa duk ƙofofin iska aikinsu ɗaya. Ƙofar da ke ƙasan faifan totur, wato faifan cikin kafireto da ke buɗewa idan an taka totur, ko a jikin manifol, tana zuƙa da ƙarfi tun injin yana silo, alhali wadda ke saman faifan ba ta zuƙa sai an taka totur. A yawancin kafireton wancan zamani, tiyon distiributa na wannan ta saman ne, domin wutar filogi ta riƙa zuwa da wuri lokacin da mota take tafiya. Idan aka kai shi manifol, silo zai tashi, makaniki ya rage shi da sukurun kafireto, mota kuma ta riƙa shaƙewa duk sanda aka tashe ta daga tsaye. Ɗan yatsa ya isa ya raba gardama: a ɗora shi a bakin ƙofar injin yana silo, a ji ko tana kamawa. Kafin a mayar da tiyon, a tsotse shi da baki a ga ko faifan cikin distiributa ya motsa kuma ya tsaya; idan iska tana wucewa kawai, robar ciki ta yage.

Kuskuren haɗin birki ya fi tayar mini da hankali, domin rai ne a ciki. Ana sa masa tiyon ruwa mai laushi, wanda yake mannewa da zarar injin ya yi zafi, ko a juya bawul ɗin da ke barin iska ta bi hanya ɗaya kawai, sai birki ya yi tauri kamar dutse. Tiyo mai kauri da aka yi don wannan aiki ake sawa, bawul kuma ya bar iska ta fita daga tukunya zuwa injin. Don gwaji, a kashe mota, a taka birki sau biyar, a riƙe shi a tayar da injin. Idan haɗin daidai ne, za a ji birkin ya ɗan nutse ƙarƙashin ƙafa.

Akwai kuma masu toshe ƙofar da ba su gane ba da ƙusa ko tsinke, wanda ba ya hana iska shiga, sai su buɗe wa kafireto mai don silo ya zauna, mai mota ya yi ta asarar fetur. A toshe ta da murfin roba, sannan a saita kafireto. Wajen neman inda iska ke satar shiga, kada a yayyafa fetur a kan injin mai zafi. A kara guntun tiyo a kunne, a bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya har a ji inda take huci.