Yadda za mu sa jami'a ta zama ta kowa a nan Legas

'Yan uwa ɗalibai na UNILAG a Akoka da LASU a Ojo, musamman mu da muke fitowa daga Agege da Idi-Araba, wannan aikin namu ne wallahi. Fara da ajinku. Duba ko akwai makaho, kurma ko mai keken guragu, ka je ka tambaye shi me yake buƙata, kar ka yanke masa hukunci da kanka, shi ya san inda abin ke masa ciwo.

In an sa lacca a bene kuma babu lif, ku haɗu da wakilin aji ku rubuta wa shugaban sashe takarda a dawo da ita ƙasa, a rubuce fa, don maganar baki iska ce, kuma ku ambaci dokar hana wariya ga masu nakasa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga. Legas ma tana da ofishin LASODA mai kula da harkokin masu nakasa.

Hotunan nots da muke turawa a guruf ɗin WhatsApp kuwa, manhajar da ke karanta wa makaho rubutu ba ta jin daɗinsu, ku buga su a rubuce. In kuna karatun rukuni ku ja Bayarabe da Inyamuri, 'yan mata ma a ba su dama su yi magana, ba kullum maza kaɗai ba. Mai ƙane makaho a gida ya sanar da shi JAMB tana shirya musu jarabawa ta daban.