Yadda ake ɗinka siket mai zubi irin na Ginger Rogers

Duk wanda ya kalli 'yar fim ɗin Amurka Ginger Rogers tana rawa da abokin rawarta Fred Astaire, rigarta ce take fara ɗauke masa ido. Ta juya, rigar ta bi ta. Ta tsaya cak, ƙasan rigar bai gama lilo ba. Finafinai goma suka yi tare a Amurka, kuma rigar da aka fi tunawa ita ce ta fim ɗin Top Hat na 1935, shuɗiyar satin mai gashin jimina, wadda ta yi ta zubar da gashi ana cikin rawa. Gashin ado ne kawai. Zubin rigunan wancan zamani daga yanka yake: a karkace ake yanka yadin, salon da mai tsara tufafi Madeleine Vionnet ta Faransa ta yi suna da shi.

Fara da yadi mai laushi da ɗan nauyi, satin ko siliki, mai faɗin inci 60. Siket har ƙasa zai ci yadi huɗu zuwa biyar, don wannan yanka yana da ɓarna. Atamfa da shadda ba za su yi ba, tsayawa suke yi ƙiƙam. Ki wanke yadin ki goge shi tukuna.

Shimfiɗa shi falle ɗaya, kada wani gefe ya reto daga tebur. Ki naɗo kusurwa ɗaya har bakin da aka yanka ya kwanta daidai kan gefen saƙa. Layin ninkin nan shi ne digiri 45. Ki ja shi da alli, shi zai zama tsakiyar siket daga ƙugu zuwa ƙasa. Nan teloli da yawa suke faɗuwa: in aka yanka gaba da baya suna karkata waje guda, siket zai riƙa murɗewa a jiki, ɗinkin gefe ya zagayo gaba. Abin da ake so shi ne gaba ya karkata dama, baya ya karkata hagu. Ki bar inci ɗaya da rabi na rarar ɗinki, domin yadin yana tsukewa idan ya sauka.

A keke, sa siririyar allura mai lamba 70 da ƙaramin zigzag. Ɗinki miƙaƙƙe ba ya buɗewa tare da yadin, sai ya tattare ko zaren ya tsinke. Kada ki ja, ki bar keken ya ci da kansa. In za a sa zif, a fara ɗora siririn ƙyalle da aka yanka a miƙe a wurin, in ba haka ba zif ɗin zai yi tudu-tudu. Dutsen guga kuwa ɗorawa ake a ɗaga, ba a jan sa.

Kada ki yi kalmasa ranar da kika haɗa. Rataye siket ɗin kwana ɗaya ko biyu ya gama sauka. Za ki ga wani gefen ya fi wani tsawo. Sannan mai shi ta saka da takalmin da za ta sa, a auna daga ƙasa da ruler, a daidaita, a yi kalmasa siririya ta kwatan inci.

Wajen ajiya, a ninke shi a kwance. In ya daɗe a rataye zai ci gaba da sauka, ƙasan ya sake karkacewa.