Yadda za ka sa shafin shagonka ya fito a Google ba tare da ka zubar da kuɗi ba

Duk mai shago a Kantin Kwari ko Farm Centre da aka buɗe wa shafin intanet, tambayarsa ɗaya: in biya Google ya yi min talla, ko in bari shafin ya hau sama da kansa? Na biya kamar hayar rumfa ce a bakin ƙofar kasuwa, ranar da kuɗin ya ƙare ranar za a ɗage ka. Na kyauta, wanda ake kira SEO, ginin shago ne, sai an yi watanni kafin a ga amfaninsa. Ni dai tsarina shi ne ka fara da ɗan talla don ka gane abin da mutane ke rubutawa, sannan ka gina na kyautar a kai.

Da farko ka yi rajistar Google Business Profile. Ba a biyan ko kwabo, kuma shi ke nuna shagonka a taswira da lambar waya. Wanda bai yi wannan ba kada ma ya taɓa talla.

Sai Google Ads. Kai ke zaɓar kalmomin da in an rubuta su a Google tallanka zai fito, kuma ba ka biya sai an latsa shi, amma ka sani idan ka sa naira 5,000 a rana, Google na iya cin ninki biyu a rana guda. Iyakarsa dai a wata ba zai wuce kuɗin rana sau 30.4 ba, wato naira 152,000, ga harajin VAT na kashi 7.5 a kai. Kuma Hausa ba ta cikin harsunan da ake karɓar talla da su, don haka tallan da shafin da zai kai mutum da Turanci za a rubuta.

To ga inda na sha ƙasa. Na taɓa yi wa wani ɗan uwana mai shadda talla, na zuba kalmar shadda haka nan tsirara. Kafin mako ya zagayo kuɗi ya tafi, ko yadi ɗaya ba a saya ba. Da na buɗe rahoton kalmomin da aka nema, ashe masu neman hoton ɗinki ne za su kai wa tela. Kowa ya latsa, ya kalla, ya wuce, mu kuma muna biya. Saboda haka kada ka sa kalma ɗaya tilo. Ka sa jimlar mai niyyar saye, mai ɗauke da farashi ko sari ko Kano, kuma ka rufe ta da alamar zance don kada Google ya yi ta faɗaɗa ma'anarta yadda ya ga dama. Sannan akwai jerin kalmomin da za ka haramta: style, picture, free, duk ka jefa su can tun ranar farko. Rahoton nan kullum za ka duba shi a makon farko, ba sai Juma'a ba.

Wajen zaɓen wuri ma akwai tarko. Ko ka zaɓi Kano, Google kan haɗa da waɗanda ke nesa amma suka nuna sha'awar garin. In ba ka aika kaya a mota, ka mayar da shi kan waɗanda ke cikin garin kaɗai. Akwatin zaɓin da ke ba Google damar watsa tallan a wasu shafuka kuwa, cire alamar da ke cikinsa kawai.

Bayan wata guda ka ware kalmomin da suka kawo kira ko saƙon WhatsApp. Kowace ka yi mata shafi nata wanda zai hau sama ba da talla ba, kalmar ta fito a take, da farashi da hoton kayanka na gaske. A nan ne Hausarka za ta yi aiki, don masu rubuta irin wannan da Hausa ba su da yawa. Ka rage nauyin hotuna saboda masu tsimin data, ka haɗa shafin da Search Console, wurin da Google ke nuna maka yadda shafinka ke fitowa a bincike, shi ma kyauta ne. Mai cewa ka ba shi kuɗi ya kai ka lamba ɗaya cikin mako biyu, ka ce masa Allah ya ba da sa'a. Kalmar da ta hau sama da kanta sai ka rage mata kuɗin talla, ka mayar kan wata.