Kurakuran da aka fi yi wajen gyara da haɗa bawul mai solenoyid a tashoshin nukiliya

Bawul mai solenoyid, wato wanda wutar lantarki ke buɗewa da rufewa, yawanci bai wuce cikin tafin hannu ba: kwayil (naɗaɗɗiyar waya), sandar ƙarfe da maganaɗisu ke ja, sifirin mai mayar da ita, sai faifai da zobunan roba. Amma shi ke ba manyan bawul na tururi iska ko ya hana su, kuma a tashoshin da ruwa ke tafasa a cikin tukunyar nukiliya shi ke sakin iska domin sandunan kashe tukunya su shiga. A 1991 hukumar NRC mai sa ido kan nukiliya a Amurka ta fitar da rahoton NUREG-1275, kashi na 6, kan waɗannan bawul kaɗai. Abin da ya fi tayar da hankali a ciki shi ne kuskure ɗaya kan kwantar da bawul da madadinsa lokaci guda, domin hannu ɗaya ya taɓa su, da giris ɗaya, da kayan gyara daga kwali ɗaya.

Giris ne kan gaba. Makaniki ya saba shafa wa zoben roba mai don ya zauna lafiya, a nan kuwa wannan sabo ɓarna yake yi. Da yawa daga cikin bawul da aka tantance don aikin nukiliya robar EPDM ce a cikinsu, saboda tana jure tururi da burbushin nukiliya (radiyeshan), amma ba ta shiri da duk wani mai da aka tace daga fetur. Da ta sha shi sai ta kumbura, ta yi laushi, ta manne wa mazauninta. Robar Viton kuma tana jure mai, sai dai ba ta kai EPDM jure burbushi ba, don haka ba a musanya su da ka. Kada a shafa komai sai abin da kamfanin ya rubuta, gwargwadon da ya rubuta. Haka gam ɗin ɗaure zare irin Loctite da farin tef na masu famfo: rarar gam tana gangarawa ta kama sandar, yagaggen tef yana toshe ƙaramar kafar iska. A bar zare biyu na farko ba tef.

Man yana iya zuwa ta bututun iska ma, daga kwamfiresa. A 1984 a tashar Susquehanna ta Amurka an sami sandunan kashe tukunya da suka ƙi shiga lokacin gwaji, saboda faifan cikin bawul ɗinsu ya yi danƙo ya manne, aka danganta hakan da gurɓatar iska, aka sauya faifan da na Viton. Ƙa'idar iskar na'urori ita ce mai kada ya wuce kashi 1 cikin miliyan, kuma raɓa kada ta iya taruwa sai sanyi ya kai digiri 10 na Celsius ƙasa da mafi sanyin wurin. Wanda ya sauya bawul bai auna iskar ba, zai dawo ya sake sauyawa.

Sai zafi. Bawul da ke riƙe da wuta dare da rana kwayil ɗinsa na dafa robar da ke kusa da shi, kuma a ƙiyasin injiniyoyi ƙarin digiri 10 yana raba rayuwar roba kusan biyu. Kuskuren shi ne lissafa shekarun sauyi da zafin ɗaki, a manta da zafin kwayil, ko a lulluɓe bawul da rigar hana zafi ta bututu. A tashar Perry ta Amurka a 1987, bawul ɗin datse babban tururi sun yi nawar rufewa bayan yoyon tururi a kusa ya gasa robar solenoyid ɗinsu. A auna zafin jikin bawul yana cikin aiki, a gyara lissafin da shi.

Wajen haɗawa, a duba alamar shiga da fita kafin ɗaure bututu, a kuma duba ko samfurin dole a tsaye ake ɗaura shi. A karanta iyakar bambancin matsi da ke kan farantin suna, a kwatanta ta da cikakken matsin layin iska, domin ranar da na'urar rage matsi ta lalace shi bawul zai fuskanta, kuma sifirin ba zai iya ture shi ba. Kwayil na AC da sandarsa ba ta zauna sosai ba, saboda datti ko an juya sifirin, zai yi ta gurnani yana jan wuta har ya ƙone. Na DC kuma a tuna batirin volt 125 yakan kai wajen 140 lokacin cajin daidaitawa.

Bayan gyara, fitilar allo ba shaida ba ce. A tashar Three Mile Island ta Amurka ranar 28 ga Maris 1979 fitila ta nuna an yanke wa solenoyid wuta, alhali bawul ɗin da yake sarrafawa a buɗe yake. A motsa babban bawul ɗin kansa, a ƙirga daƙiƙun da ya ɗauka, a kwatanta da na baya. Motsin farko bayan dogon zama shi ne abin rubutawa, domin bawul mai danƙo yakan saki a karo na biyu. Layuka biyu masu madadin juna kuma a raba musu ranar gyara da ma'aikata, kada a taɓa na biyu sai na farko ya ci gwaji.