Daga Kafin Alƙalami Zuwa Karɓar Makulli: Jagora Ga Mai Sayen Gidan Farko

An yi ciniki, mai gida ya ce ya sallama, dillali ya haɗa hannuwanku, ka ajiye kafin alƙalami. Daga ranar nan zuwa ranar da za ka cika kuɗi, a nan ne kaɗai maganarka take da nauyi. Muddin ragowar kuɗin na hannunka, duk takardar da ka nema za a nemo maka, duk gyaran da ka nuna za a saurare ka. Ranar da kuɗin suka fita, kai ne za ka koma bin mutane a waya. Saboda haka nemi a ba ka aƙalla mako uku zuwa huɗu, kuma kada maganar dillali ta cewa "akwai wani Alhaji da ya taya" ta sa ka gajarta su.

Kafin alƙalamin kansa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na farashi, kuma a rubuta shi: nawa aka bayar, nawa ya rage, yaushe za a cika, da sharaɗin cewa idan bincike ya nuna matsala a takardu za a mayar maka da kuɗinka cif. Idan babu wannan sharaɗi a rubuce, rigimar farko ke nan.

Abin da kake saye a idon doka

Tun 1978, Dokar Amfani da Ƙasa ta ɗora filayen kowace jiha a hannun gwamna, a Abuja kuma ministan birnin tarayya ne ke riƙe da wannan iko. Abin da mai gida yake sayar maka haƙƙin zama ne na wani wa'adi, galibi shekara 99 ga gidan zama, kuma ragowar shekarun kake gada. Sashe na 22 na dokar ya hana miƙa wannan haƙƙi ga wani ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa hakan ba shi da inganci. Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Ma'ana, riƙe C of O, wato satifiket ɗin haƙƙin zama da gwamnati ke bayarwa, mai sunan wani a cikin akwatinka bai mayar da kai mai gida a littafin gwamnati ba.

Ɗauki lauyanka na kanka. Lauyan mai gida, komai kirkinsa, mai gida yake wa aiki. Aikin farko da za ka ba lauyanka shi ne bincike a ofishin ƙasa: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Rahoton ya nuna sunan wanda ke kan fayil, lambar fili da girmansa, abin da aka ware shi dominsa, ko an jinginar da shi a banki, ko gwamnati ta soke takardar, ko wani ya shigar da ƙorafi a kai, da bashin harajin fili na shekara-shekara. Idan sunan da ke fayil ba na mai sayarwa ba ne, to sai an jero takardun kowane ciniki tun daga mai sunan har zuwa wanda ke gabanka, ba tare da giɓi ba. Idan kamfani ne ke sayarwa, a duba shi a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a kuma kawo takardar shawarar daraktoci ta amincewa da cinikin.

Ka dage sai ka ga asalin takarda da idonka. Wanda ya ce asalin ya ɓata ko ya ƙone, zai iya yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma sau da yawa takardar tana ajiye ne a banki ko wajen wanda yake bin sa bashi. Mai gaskiya zai nuna maka rahoton 'yan sanda, rantsuwar kotu, sanarwar jarida, da kwafin da ofishin ƙasa ya tabbatar. Idan kuwa jingina ce ta fili, a biya bankin kai tsaye daga cikin kuɗin ciniki, bankin ya ba da takardar sakin jingina tare da asalin satifiket.

Sai safiyo, wato mai awon fili. Ya je da na'ura ya ɗauki lambobin kusurwoyin gidan, ya gwada su da taswirar da ke jikin takarda. Yana faruwa takarda ta zama sahihiya amma ta fili na gaba ce, ko katanga ta ci mita ɗaya daga hanya. Ya kuma duba layin babbar wuta: ga layin 330kV ana barin mita 25 kowane gefe, ga 132kV mita 15. Gidan da ya shiga ciki na rusau ne ko ba daɗe ko ba jima. Tambayi takardar amincewa da tsarin gini, wadda a Kano hukumar tsara birane ta KNUPDA ke bayarwa.

Awon igiya da gidan gado

Gidaje da yawa a unguwanninmu ba su da C of O, awon igiya ne, shaidarsu takardar mai unguwa da dagaci. Ana saye, ana zama lafiya, amma ka sani sa hannun mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki a gabansa, ba ya hana gwamnati cewa wurin hanya ce ko makaranta. Nan aikin safiyo ya fi muhimmanci: a kai lambobin ofishin ƙasa a ga ko wurin ya faɗa cikin wani tsari na gwamnati. Sannan ka je unguwar kai kaɗai, ba tare da dillali ba. Yi sallar la'asar a masallacinsu, ka gaisa da maƙwabtan gabas da yamma, kudu da arewa, ka tambaye su gidan wane ne wannan, wa ya gina shi, an taɓa rigima a kansa? Abin da dattijo ɗaya zai faɗa maka a kan tabarma, wani lokaci babu shi a kowane fayil.

Gidan gado shi ne ya fi cinye kuɗin masu sayen farko. Babban wa ya tsaya ya ce shi ne wakilin gida, kowa ya amince. Bayan shekara biyu sai ƙanwarsu da ke aure a wani gari ta shigar da ƙara cewa ba a tuntuɓe ta ba, kuma tana da gaskiya. Nemi takardar rabon gado daga kotu mai ɗauke da sunayen magada duka. Kowane baligi, mace da namiji, ya sa hannu ko ya dangwala da kansa; wanda ba ya gari ya aiko da wakilci a rubuce. Idan akwai marayu ƙanana, kason su sai da izinin alƙali. Kuma idan kason magaji ɗaya kake saye a gidan da ba a riga an raba ba, ka tuna da shuf'a: a mazhabar Malikiyya abokan tarayyarsa suna da haƙƙin mayar maka da kuɗinka su karɓi kason. Sai sun rubuta cewa sun yafe wannan haƙƙi.

Duba gidan kansa

Je da magini da mai aikin wuta da mai aikin famfo waɗanda kai za ka biya. Tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, wadda tsinken ashana ke shiga, alama ce ta harsashin gini yana motsi. Sabon fenti a ƙasan bango kaɗai, kamar kamu biyu daga daɓe, yawanci danshi ake rufewa. Ƙwanƙwasa wurin, idan ya yi ƙarar kwanko filasta ta saki. A ɗaga silin ɗaya a haska fitila a ga katakon rufi, ko gara ta ci, ko kwano na yoyo. A buɗe murfin sokawe. A kunna rijiyar burtsatse ta yi aiki na rabin awa a ga ko ruwan zai yanke. Idan da rani kake saye, dubi katangun maƙwabta: layin da ruwan damina ya bari a jikinsu zai gaya maka inda ambaliya take kaiwa.

Bashin wuta kan maƙale da mita, ko da ba kai ka sha ba. Kai lambar mitar ofishin kamfanin rarraba wuta, KEDCO ko AEDC ko wanda ke yankin, a buga maka abin da ake bi, a cire shi daga kuɗin ciniki. Haka kuɗin ruwa da harajin fili.

Idan akwai 'yan haya, sharaɗinka shi ne gida babu kowa ranar cika kuɗi. Mai hayar shekara, idan ba a yi wata yarjejeniya dabam ba, yana da haƙƙin sanarwar wata shida, bayanta ta kwana bakwai, kafin a je kotu. Wanda ya fitar da mutum da ƙarfi shi ne zai zama mai laifi. Idan ka yarda su zauna, a kawo takardun hayarsu, a kuma mayar maka da kuɗin watannin da suka riga suka biya.

Kuɗi da ranar cikawa

Farashin gida ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. La'adar dillali galibi kashi 5 ce, wato naira miliyan 1.5 a gidan miliyan 30, kuma a tsayar tun yanzu wa zai biya, dillalai nawa ne a ciki, don ranar biya sukan ƙaru. Ga kuɗin lauya, safiyo, harajin hatimi, kuɗin amincewar gwamna da na rajista, waɗanda suka bambanta daga jiha zuwa jiha kuma ana lissafa su ne kan ƙimar da jami'an gwamnati suka yi wa gidan. Ware kashi 10 zuwa 15 a gefe. Idan rance ne, na asusun gidaje na ƙasa ta hannun FMBN, bankin lamunin gidaje na tarayya, ko na bankin Musulunci, kada ka sa ranar cikawa sai ka riƙe takardar amincewarsu da ranar sakin kuɗi, domin su ma sai sun yi nasu binciken da ƙiyasin.

Kada ka ɗauki kuɗi a buhu. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Biya ta daraf ɗin banki ko turawa, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gida daidai da katin shaidarsa, ba na dillali ko ɗansa ba. Je bankinka kwana biyu kafin ranar a ɗaga maka iyakar turawa. Idan aka aiko maka da sabuwar lambar asusu ta WhatsApp ana gobe biya, kada ka taɓa ta sai ka ji daga bakin mai gida ido da ido.

Da safiyar ranar, sake zagaya gidan. Ƙofofi, tankin ruwa, injin rijiya, fankoki, duk abin da aka ce yana cikin ciniki ya kasance a jerin da kuka sa wa hannu, domin a daren ƙarshe ake kwance su. Sannan a zauna wuri ɗaya, ofishin lauya ko cikin banki. A teburin a ga asalin satifiket da takardun cinikin baya, taswira, takardar miƙa mallaka aƙalla kwafi huɗu, wasiƙar mai gida ta neman amincewar gwamna, hotunansa, kwafin katin shaidarsa, shaidar biyan harajinsa, rasit, da makullai. Ya sa hannu a gaban shaidu biyu, sannan kuɗi su tafi. Takardar wakilci kaɗai, wadda wasu ke ba mai saye don guje wa kuɗin rajista, izini ce ta yin aiki a madadin wani, ba ta mayar da mallaka. Idan za a ba ka ita, ta zo tare da takardar miƙa mallakar.

Ranar da ka karɓi makulli ka canza kwaɗuna, ka sa wani ya kwana a gidan. A kai takardar miƙa mallaka a buga mata hatimin haraji cikin kwana 30, a shigar da neman amincewar gwamna, a yi rajista. Mutane da yawa a nan suke sakaci don kuɗi sun ƙare, alhali idan mai gida ya sake sayar wa wani wanda bai san da cinikinka ba, ya riga ka yin rajista, shi doka za ta fi saurara. Mai gida kuma yana iya rasuwa, ka koma neman sa hannun magada goma. Bayan an gama, lauya ya sake yin bincike ya kawo maka rahoton da ke nuna sunanka a fayil, ka kai wa mai unguwa gaisuwa, ka mayar da mita sunanka, ka ɗauki hoton kowace takarda ka ajiye kwafi a wani gida dabam.