Kurakuran da masu neman cin abinci da piyano suka fi yi

Duk yaron da hannunsa ya fara faɗawa a kan piyano, mafarkinsa kusan ɗaya ne: ƙaton zaure cike da jama'a, shi kaɗai a kan dandali, ana ta tafi. Daga wannan mafarkin yawancin kurakuran suke tsirowa, domin sana'ar kaɗa piyano irin na su Bach da Chopin gida ne mai ƙofofi da yawa, kuma ƙofar dandali ita ce mafi ƙunci.

Ko manyan ma ba su dawwama a kanta ba. Franz Liszt, wanda Turai ta yi ta rububin kallonsa, ya daina yawon kiɗa don kuɗi a 1847 yana ɗan shekara 35, ya koma Weimar yana jagorantar makaɗa, yana tsara kiɗa, yana koyarwa. Glenn Gould na Kanada ya yi wasansa na ƙarshe a gaban jama'a a 1964 yana da shekara 31, ya ƙarasa rayuwarsa a ɗakin naɗar faifai da shirye-shiryen rediyo. Shi kuwa Paderewski, wani shahararren makaɗin piyano, har firaministan Poland ya zama a 1919, ko da yake wannan ba hanya ba ce da za a ce wa yaro ya bi. Gyaran dai shi ne tun kana ɗalibi ka leƙa sauran ƙofofin: koyarwa, kiɗa da ƙaramar ƙungiya, jagorancin makaɗa, naɗar sauti.

Na biyu, raina aikin yi wa mawaƙi kiɗa. Wannan ne ya fi ba ni haushi. Ɗalibai da yawa na ganin wanda ya zauna bayan mai waƙa yana bin muryarsa ya gaza ne shi ya sa. Bahaushe bai kamata ya faɗa wannan rami ba, tunda mun san mawaƙi ba ya kai labari in makaɗinsa ya ƙwace masa. Gerald Moore, Baturen Ingila, a wannan kujera ya ƙare aikinsa, ya naɗi ɗaruruwan waƙoƙin Schubert tare da mawaƙin Jamus Dietrich Fischer-Dieskau, kuma har yau da shi ake misali. Aikin ma ya fi wuya ta wani ɓangaren. Dole ka san inda mai waƙa zai ja numfashi, ka rage sauti kada ka danne shi, in ya tsallake layi ka bi shi ba tare da kowa ya farga ba. Idan muryarsa ta dishe ran nan, ya ce a sauko da kiɗan ƙasa kaɗan, sai ka sauko nan take. Abin yi: ka nemi mai waƙa ko mai goge ɗaya, ku riƙa bita duk mako, ko da kyauta ne.

Wannan ya kawo mu ga karanta rubutaccen kiɗa. Akwai masu haddace kiɗa uku ko huɗu su ƙware a kai kamar me, amma a ajiye musu sabuwar takarda sai ido ya raina fata. Masu ɗaukar aiki, ko gidan wasan kwaikwayon waƙa ne ko makaranta ko ƙungiyar mawaƙa, wanda zai karanta ya kaɗa a take suke nema. Maganin ba wuya: minti goma sha biyar kullum, ɗauki kiɗa mai sauƙi da ba ka taɓa gani ba, ka bi shi daga farko zuwa ƙarshe ba tsayawa, kada ka koma gyaran inda ka yi tuntuɓe. Gobe ka ɗauki wani.

Sai ɗora rai kacokan a kan gasa. Gaskiya ne gasa na ɗaga mutum. Van Cliburn, Ba'amurke, ya ci gasar Tchaikovsky a Mosko a 1958 ana tsakiyar yaƙin cacar baka, ya koma gida gwarzo. Amma gasar Chopin ta Warsaw sau ɗaya ake yi a shekara biyar, kuma mutum ɗaya ne zai zo na ɗaya. A ta 1980 an fitar da Ivo Pogorelich kafin zagayen ƙarshe, Martha Argerich ta fice daga cikin alƙalai don fushi, faɗuwar tasa kuma ta zame masa gobarar Titi, sunansa ya zaga duniya. Shiga gasa, amma ka ɗauke ta kasuwa ce inda za a gan ka, ka fito da lambobin mutane ko ba ka fito da kofi ba.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne danne ciwo a ci gaba da bita. Leon Fleisher ya ci gasar Sarauniya Elisabeth a Brussels a 1952, yana cikin ganiyarsa a 1964 yatsu biyu na hannunsa na dama, ƙaramin da na kusa da shi, suka fara lanƙwashewa da kansu. Da ya ga haka sai ya ƙara ƙaimin bita, abin ya ƙara ɓaci. Daga baya aka gane larura ce ta jijiya da ƙwaƙwalwa. Kusan shekara talatin hannun bai yi masa aiki yadda ya kamata ba. Abin da ya riƙe shi shi ne yana da wasu ƙofofin: ya ci gaba da koyarwa a makarantar Peabody da ke Baltimore, ya koyi jagorancin makaɗa, ya rungumi kiɗan da aka tsara wa hannun hagu kaɗai, irin wanda Ravel ya rubuta wa Paul Wittgenstein da ya rasa hannun dama a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai a 2004 ya sake fitar da faifai da hannu biyu, bayan jinya mai tsawo. Saboda haka in wuyan hannu ya fara zugi, ko yatsa ya ƙi jin magana, ka tashi daga kujerar. Ka raba bitarka gida-gida da hutu a tsakani, ka sa malami ya duba zamanka da tsayin kujerarka, in abin ya wuce 'yan kwanaki ka ga likita.

Koyarwa kuma a daina kallonta a matsayin mafakar wanda ya gaji. Clara Schumann ta shafe sama da shekara sittin tana wasa a gaban jama'a, kuma daga 1878 ta haɗa da koyarwa a Frankfurt, ɗalibai na zuwa mata har daga Ingila da Amurka. In za ka fara, fara da yaro ɗaya, ka rubuta abin da kuka yi bayan kowane darasi, ka kuma yanke kuɗinka tun ranar farko kafin kunya ta shiga tsakani.